Man shanu, bota ko man gyaɗa: wanne za ki zuba a kek, cincin da gireba?

Mata biyu za su auna fulawa daidai, sukari daidai, ƙwai daidai, su gasa a oben iri ɗaya, amma kek ɗin ɗaya a ci ana leƙen faranti, na ɗayar kuwa a ci yanka guda a nemi ruwa. In aka bi diddigi, sau da yawa man da kowacce ta zuba ne ya raba su. Man ne ke riƙe ƙamshi, shi ke kawo laushi, shi ne kuma abin da ke saura a baki bayan an haɗiye. Ga shi yana cikin kayan da suka fi cin kuɗi in za a yi aikin Sallah ko garar amarya. Don haka kafin ki ɗaga bokiti ko jarka a Kasuwar Singa ta Kano, gara ki san me kowanne zai yi miki.

A fara da duba abin da ke cikin mazubin. Simas, Blue Band da Topper da muke kira bota ba daga nono aka fitar da su ba. Majarin ne, wato man tsirrai, yawanci tataccen manja, aka haɗa shi da ruwa, gishiri, kala da ƙamshin bota. Botar madara ta ainihi, irin su Lurpak da Président, a firij ɗin manyan kantuna ake samunta, kuɗinta kuma ya ninka na majarin. Haka abin yake a man jarka. Yawancin wanda za ki ce "a ba ni man gyaɗa" a miƙo miki, babu ƙwayar gyaɗa ko ɗaya a cikinsa. King's da Power Oil ruwan manja ne da aka tace aka raba shi da ja da wari, na Grand da aka fi sani kuwa na waken suya ne. Ba ɓoyewa aka yi ba, a rubuce yake a jikin roba, mu ne ba ma karantawa. Tun lokacin da fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano, sunan ya tsaya a bakinmu, man ya canza. Man gyaɗa na gaskiya yau shi ne na masu ƙuli, sai wanda wasu kamfanoni ke tacewa su rubuta gyaɗa ƙarara a jiki.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar wuta. Ki ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokali, ki ɗora a harshe, ki rufe baki, kar ki tauna. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Botar madara tana narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, saboda haka nan take za ta zama ruwa, ta saki ƙamshinta, ta wuce. Majarin na gashi kuwa da gangan aka yi shi ya jure zafi, don kar ya narke a shago ko a hannun mai kwaɓi. Shi ya sa yake jinkirin narkewa, ya bar sulɓi a ganɗa kamar an shafa kakin kyandir. Wannan sulɓin ne mutane ke ji a aisin ɗin kek na biki su ture shi gefen faranti. Duk abin da za a ci da sanyinsa, wannan gwajin ya shafe shi. Abin da za a ci da zafinsa kuwa, ko kakide aka sa ba za a ji daskarewa ba.

Man shanu

Duk cikinsu babu mai ƙarfin ƙamshinsa, kuma akwai dalili. Fulani ba ɗanyar madara suke kaɗawa ba. Sai ta kwana ta yi tsami, sannan a kaɗa ta a gora har man ya taru, a dunƙula shi curi-curi a saka a ƙwaryar nono. Ƙwayoyin da ke sa madara tsami su ne ke samar da sinadarin da ke ba mai wannan ƙamshin, su kuma bar masa ɗan tsami-tsami a ƙarshen harshe. Botar da Faransawa suka fi alfahari da ita ma daga kirim mai tsami ake kaɗa ta. Abin da ake biya da tsada a can, shi ne ke yawo a kan 'yar Fulani a nan.

Ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba. Na damina, lokacin da shanu ke cin ɗanyar ciyawa, ya fi ɗorawa a ido, ya fi ƙamshi, ya fi araha saboda nono ya wadata. Na rani fari ne, ƙamshinsa bai kai ba, ga tsada. Mai shirin biki a watan Maris, in ta samu hali ta saya tun Satumba ta soya ta ajiye, ta ci riba biyu.

Ɗanyensa ba ya jimawa. Akwai ruwa da sauran nono a jikinsa, cikin 'yan kwanaki a zafinmu zai fara wari mai hawa kai. Shi ya sa ake soya shi, kuma a nan ne masu kek da yawa ke faɗawa rami. Soyayyen man shanun da ake sayarwa a kwalba kusan duk da albasa aka soya shi, wasu har da citta da kanumfari, domin an yi shi ne don tuwo da miyar kuka, ɗanwake, shinkafa da wake. Albasa in ta shiga mai ba ta fita, ko an tace sau goma. Ki zuba shi a kek, duk banilar da za ki ƙara, mai ci zai ji kamar an yanka kek ɗin da wuƙar miya. Kuma daga nan ne maganar "man shanu ba ya kek" ta samo asali, alhali albasar ce ba ta kek.

Mafita ita ce ki sayi ɗanye ki soya da kanki, ba albasa ba komai. Ki wanke shi da ruwan sanyi kina matsawa kina zubar da ruwan har ya daina fitowa fari. Ki sa a tukunya mai kauri, wuta kaɗan. Zai narke, ya yi kumfa, ya riƙa ƙara, ruwan ne ke fita. Kar ki bar wurin. Da ƙarar ta lafa, man ya yi garau, tukar da ta kwanta a ƙasa ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ki sauke ki tace da tsaftataccen ƙyalle. Wannan tukar da ta soyu ita ke ba shi garɗin da babu kwalbar filebo da ke iya kwaikwayo. In kika bari ta yi baƙi kuwa, ɗaci da ƙauri sun shiga, sai dai a kai shi miya. Abin da ya rage bayan tata kusan kashi 99 cikin 100 mai ne zalla. Yana yin watanni ba firij, kuma yana jure wuta har wajen digiri 250 kafin ya fara hayaƙi.

Yana da nasa aibun. A yanayinmu rabi ruwa ne rabi tsaki-tsaki, don haka ba ya buguwa da sukari ya yi fari ya tashi yadda majarin ke yi. Kek ɗin da aka yi da shi zalla yana da nauyi, bai cika tashi ba, kuma yanka biyu ya ginshi mutum. Akwai kuma waɗanda ba su tashi da shi ba, ƙarni kawai suke ji. Sannan ga algus: wasu na cakuɗa shi da majarin ko kitse don ya yi auki. Gwajin cokali yana tona wannan, domin mai kyau ba ya barin sulɓi a ganɗa. Ya fi dai ki samu mai kawo miki wadda kika sani.

Botar madara

Ɗanɗanonta mai sanyi ne, mai tsafta, ba ta da ƙarfin man shanu, ba ta ginsa da wuri. Kashi 80 zuwa 82 cikin 100 mai ne, sauran ruwa da ɗan abin madara. A biskit da kek marar haɗe-haɗe, inda babu koko ko kayan ƙamshi da za su rufe ta, babu kamarta. Matsalarta ƙasarmu ce. Tana son a buga ta tana wajen digiri 20, ta yi laushi amma ba ta narke ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi cikin Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, kafin ki gama fasa ƙwai ta zama ruwa, kwaɓin ya tsinke. Ga ta da son firij, wutar kuma kin san halinta. In kuma aka sa kek ɗinta a firij, yana fitowa da tauri, sai ya sha iska kafin a ji daɗinsa. Ni a ganina asara ce a zuba ta a kek ɗin cakulan ko cincin. In za ki kashe kuɗinta, ki kashe a hunturu, a kan abin da za a ji ta.

Majarin

Tun asalinsa don araha aka yi shi. Wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ne ya ƙirƙiro shi a 1869, bayan Sarki Napoleon na Uku ya nemi abin da zai maye gurbin bota ga sojoji da talakawa, kuma da kitsen shanu ya fara yi, kafin daga baya a koma man tsirrai. Har yau aikin da yake yi ke nan, kuma yana yinsa da kyau. Yana buguwa da sukari ya yi fari sol ko ana tsananin zafi, ya kama iska, kek ya tashi ya cika gwangwani. Ba ya neman firij. Leda ɗaya gram 250 ce, awo ba wahala.

A baki ne yake da rauni. Abin da ake fara ji gishiri ne, sai ƙamshin da aka zuba masa, wanda rabinsa ke tafiya a oben, sai sulɓin nan. Shi ya sa kek ɗin kasuwa da yawa ƙamshin filebo ne kawai ke tashi, an cika kwalba don a rufe gurbin da man ya bari.

Kuma ba duk majarin ne na gashi ba. Akwai na shafa wa burodi, mai laushi, wanda aka rage wa mai aka ƙara wa ruwa. Ki juya robar ki duba yawan man da ke cikin gram 100. In ya kai 70 zuwa 80, zai yi aiki. In ya yi ƙasa da 60, ruwa kike saya: kek zai tashi ya faɗa, cincin ya yi tauri. Game da lafiya kuwa, dokar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita nau'in kitsen nan mai cutar da zuciya, wanda ake samu in an daskarar da mai ta hanyar sinadari, zuwa gram 2 cikin 100. Wannan dalili ne na sayen mai suna da lambar hukuma, a bar na buɗaɗɗen bokiti da ba a san inda ya fito ba.

Man ruwa iri uku

Man ƙuli daga soyayyar gyaɗa yake fita, a niƙa ta, a juya da ruwan zafi har man ya tsatso, tunkuza ta tafi ƙuli-ƙuli. Suyar gyaɗar ita ce ƙamshinsa, shi ya sa ya danganta da hannun mai yi. Wadda ba ta bari gyaɗa ta soyu ba, man nata gafi zai yi. Wadda ta bari ta ƙone, ƙauri. Wadda ba ta tsince ruɓaɓɓiya da mai fumfuna ba, ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro, kuma wannan ya wuce maganar daɗi, domin fumfunar gyaɗa na ɗauke da guba mai illa ga hanta. Ki shinshina, ki lasa kafin a auna miki. Mai kyau ƙamshin gyaɗa marau-marau yake yi, ba ya kama wuya.

Da yake ba a tace shi a inji ba, akwai ɗan laima da ɗigon tunkuza a ciki. Shi ya sa yake kumfa a kasko, yake kuma saurin hayaƙi, tun wajen digiri 160. Iyayenmu na jefa albasa su kashe gafin kafin su fara suya. Ga ƙosai da doya daidai ne. Ga kayan zaƙi kuwa, ki ɗora shi kawai a wuta kaɗan har kumfar ta mutu, ko ki fara soya ɗan gutsuren kwaɓi ki yar.

Ruwan manja na jarka lami ne, ba ƙamshi ba wari, kuma wannan ne amfaninsa. Ba ya shiga tsakanin mai ci da abin da aka soya. Ya fi sauran jure maimaita suya, shi ya sa kamfanonin taliyar leda ke soya tasu da manja. Lokacin sanyi yakan yi barci a jarka, ya yi fari-fari a ƙasa. Ba lalacewa ya yi ba, halinsa ne, a sa shi a rana ko ruwan ɗumi ya farka.

Na waken suya ya fi sauƙi a baki, ba ya barci, yana da kyau a cikin kwaɓi. Amma in aka maimaita suya da shi yakan ɗauko wani ƙarni mai kama da na kifi, kuma abin da aka soya da shi ya fi saurin canza wari in ya jima a ajiye.

To, wanne za a sa a me?

Kek iri biyu ne ta fuskar mai. Akwai wanda ake buga mai da sukari, tashinsa daga iskar da man ya kama ne, irin kek ɗin biki da na gwangwani. Wannan sai daskararren mai. Abin da na fi yarda da shi, in aka haɗa daɗi da kuɗi da yanayinmu, shi ne a bar majarin ya yi aikin tashi, man shanu ya yi aikin baki. A maimakon leda guda, ki sa majarin gram 200, ki buga da sukari har ya yi fari, sannan ki zuba soyayyen man shanu marar albasa cokali uku zuwa huɗu, wanda ya huce, ki ƙara bugawa kafin ƙwai. Kek zai tashi yadda kika saba, sulɓin ya ragu, kuma rabin filebon da kike zubawa ya isa. Wanda bai sani ba zai ce botar kanti kika sa. Kar ki wuce kashi ɗaya cikin huɗu in sayarwa za ki yi, don ba kowa ke son ya gane man shanu ƙarara ba. Na gida kuwa, in mutanen gidan masu son sa ne, a kai rabi da rabi, a yarda da cewa ba zai yi tsawo sosai ba.

Na biyu shi ne kek ɗin man ruwa, wanda bekin foda da ƙwai ke tayarwa: na cakulan, na ayaba, na karas. Da yake man ba ya daskarewa, kek ɗin yana kwana biyu uku da laushinsa, ko daga firij aka fito da shi. Mai ɗaura ƙananan kek a leda tana kai wa shago, wannan ya fi mata. A nan man lami ake so, na waken suya ko ruwan manja. Man ƙuli a kek na banila baƙo ne, amma ki gwada shi a na ayaba ko na koko, gyaɗa na shiri da su biyun.

Aisin kuwa babu yadda za a yi, in za a kai kek wurin taro da rana, majarin ne ke tsayawa. A dai buga shi sosai, a rage kaurin shafi.

Cincin mai biyu yake ci, kuma aikinsu daban. Na cikin kwaɓi shi ke hana shi tauri. Ga fulawa kilo ɗaya, rabin ledar majarin ko ɗan fiye ya isa. In ya yi yawa, cincin zai riƙa farfashewa a kasko, ya sha mai, man suya ya yi ta kumfa yana neman zubowa. In ya yi kaɗan, sai mai haƙori. Cokali biyu na man shanu a cikin kwaɓin, tare da gyaɗar ƙamshi, yana canza cincin gaba ɗaya, kuma ƙamshin na ƙara fitowa bayan ya kwana. Na kasko kuwa ruwan manja na fi zaɓa, musamman in cincin ɗin zai yi wata a bokiti, kamar na gara ko na ɗalibi mai komawa makaranta. Man ƙuli yana ba shi garɗi, amma cincin mai ƙwai da madara dama mai kumfa ne, in ya haɗu da man da shi ma ke kumfa, sai ki tsaya a kai da matsami. Bota da majarin ba a suya da su: ruwan ciki zai yi ta fallatsa, abin madarar ya ƙone kafin man ya kai zafin digiri 170 zuwa 180 da cincin ke so.

Gireba ita ce ta fi tona asirin mai. Babu ƙwai, babu madara, kusan babu ruwa. Fulawa ce da sukari da mai, sai riɗi a kai. Duk abin da man yake da shi, shi za a ji, duk abin da ya rasa, babu mai rufe masa. A ƙasashen Larabawa, inda ta samo asali, da soyayyen man shanu ake yinta. A Kano an saba da man gyaɗa. Dukkansu suna bayar da gireba mai narkewa a baki, saboda babu ruwa a cikinsu da zai tayar da danƙon fulawa. Ta man shanu ta fi ƙamshi da nauyi, guda biyu sun isa da shayi. Ta man ƙuli ta fi sauƙi, kuma gyaɗa da riɗin saman suna tafiya tare. Ta ruwan manja tana yin kyau a ido, tana rugurgujewa yadda ake so, amma a baki gari ne da sukari kawai, ita ce irin wadda ake ci a manta an ci. Majarin kuma ruwan cikinsa na mayar da ita biskit. Abu ɗaya da ba na so shi ne haɗa man shanu da man ƙuli a gireba ɗaya, kowanne so yake a ji shi, sai su dagula juna. In tsada ce matsalar, ki zaɓi ɗaya ki sirka shi da man lami rabi da rabi.

Mitfai ba ya buƙatar dogon zance, majarin ne. Ana so a murza shi da fulawa ya zama tsaki-tsaki ba tare da ya narke ba, botar madara kuwa a tafin hannu take narkewa, man ruwa kuma ɓawon ko ya yi tauri ko ya ƙi naɗuwa. Da yake da ɗuminsa ake ci, ba a jin sulɓin.

A kayan gara, nakiya ba ta da abokin tafiya sai man shanu. Shinkafa, sukari ko zuma, citta, kanumfari da masoro duk masu ƙarfi ne, man da ba shi da murya ɓacewa zai yi a cikinsu, kuma rashin ruwan soyayyen man na cikin abin da ke sa ta daɗe ba ta lalace ba. Alkaki ya fi son man ƙuli, domin garɗin gyaɗa na tafiya da alkama da ɗan tsaminta, kuma ba a soya shi da wuta mai ƙarfi. Dubulan kuwa ana son ya fito fari tas, marar nauyi, ruwan sukari ne ɗanɗanonsa, saboda haka man lami ya fi masa.

Waina, sinasir, funkaso da gurasa bandashe ba na kai su wurin man jarka in akwai man ƙuli. Wainar da aka soya da shi tun daga ƙofar gida ake sanin ana yi. A nan ne kuma man shanu mai albasa yake da gurbi, a ɗiga a tanda ko a yaryaɗa a kai.

Sauran ba su da yawan amfani a gashi. Kakide yana ba suya ɗanɗanon nama, amma da abin ya huce sai ya daskare a baki, ba na kayan zaƙi ba ne. Man kaɗe ana girki da suya da shi a ƙasar Nufe da arewacin Gana, yana da ɗan bauri da ƙamshin hayaƙi wanda sai wanda ya saba. Abin sha'awa, tataccensa yana shiga cakulan a Turai, inda doka ta yarda a sa irinsa har kashi 5 cikin 100 a madadin man koko. Man riɗi kuwa ƙarfinsa da tsadarsa sun sa ɗigo ake yi da shi.

In za ki musanya wani da wani, kar ki yi kofi da kofi. Majarin da bota kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsu ruwa ne, soyayyen man shanu da man jarka kuwa mai ne zalla. Inda aka ce leda ɗaya ta gram 250, man shanu gram 200 ne daidai da ita, sai ki cike gurbin da madara cokali uku. In man ruwa ne, kashi uku cikin huɗu na awon. Ki kuma tuna majarin da gishirinsa yake zuwa. In kika cire shi, ki ƙara ɗan gishiri a kwaɓin, in ba haka ba zaƙin zai fito salam. Wannan lissafin yana da amfani a kasuwa ma: kwalbar man shanu ba ta kai tsadar da ake gani ba, tunda babu ruwa a cikin abin da kika biya, kuma cokali kaɗan ake sawa.

Man da ake aunawa a kwalabe a jera a rana tun kafin ki saya ya fara tsufa, domin haske da zafi da iska su ke lalata mai. Rufaffe mai lambar NAFDAC da alamar ido, wadda ke nuna an ƙara masa bitamin A, ya fi tabbas in man jarka ne. Man ƙuli ki sayi wanda za ki ƙarar cikin wata guda ko biyu. Man shanu a kwalbar gilashi mai murfi, a lungu mai duhu, kuma cokalin da zai shiga ya zama busasshe, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa shi fumfuna. In kina ajiye mai albasa da marar albasa, ki rubuta a jikin kowacce kwalba, domin a ido ba a bambance su.